Shekara Ɗari Uku Turanci Yana Harshen Manoma

*Abin da tarihin Ingilishi ke faɗa game da azuzuwan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa*

A Bagauda, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, akwai reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Kowace shekara ɗalibai daga sassan ƙasar nan sukan taru a can su koyi yadda ake shigar da ƙara, da tsara takardar yarjejeniya, da tsayuwa gaban alƙali, kuma da Turanci ake yin duk wannan. Manomin da gonarsa ke kusa da katangar makarantar kuwa, in ƙaddara ta kai shi babbar kotu, sai an nemo masa tafinta kafin ya san abin da ake faɗa a kansa. Masu ilimin boko da dama sun ɗauki wannan a matsayin tsarin halitta, wai akwai harshen da aka yi domin shari'a da kimiyya, akwai kuma wanda aka yi domin kasuwa da hirar dandali.

Wannan zato ya tashi daga hirar ofis ya zama doka. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya, ta hannun ministan ilimi Adamu Adamu, ta amince a riƙa koyar da yaran firamare da harshen uwa har aji shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya bayyana soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji na farko, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawar kammala sakandare. Hujjar ba ta da ƙafa, domin yaron da ya shiga aji ɗaya bayan an amince da manufar bai ko kai aji biyar ba lokacin da aka soke ta, balle a ce shi ne ya faɗi jarrabawar sakandare. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan zurfi, kuma tana cikin tarihin Turancin kansa. Harshen da ake ɗauka an haife shi da rigar alƙali ya yi kusan shekara ɗari uku ana kallonsa da idon raini a cikin ƙasarsa, kuma bai tashi ba sai da aka ba shi aikin yi a aji da kotu da littafi.

Baƙi daga bakin teku

Ba a Ingila aka haifi Ingilishi ba. Mutanen da Romawa suka mulka a tsibirin Birtaniya suna magana ne da harsunan Selt, dangin harshen Wales na yau. Da daular Rum ta janye sojojinta wajen shekara ta 410, sai ƙabilu daga gaɓar tekun arewacin Jamus da Denmak da Holan suka riƙa ƙetarowa, wasu da sunan sojan haya, wasu da neman ƙasar noma. Malamin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa na tarihi a 731, ya ambaci uku daga cikinsu, wato Angil da Sakson da Jut, ya kuma sanya zuwansu wajen shekara ta 449. Daga sunan Angil aka sami Ingila da Ingilishi. Har yau ɗan uwan Turanci mafi kusa shi ne harshen Firisiya, wanda 'yan tsiraru ke magana da shi a arewacin Holan da gefen Jamus.

Waɗannan baƙi manoma ne da masunta da mayaƙa. Suna da wasu alamomi da suke sassaƙawa a kan itace da dutse, amma ba su da littafi. Rubutu na sosai ya zo musu ne tare da addini, lokacin da Augustine ya sauka a Kent a 597 da saƙon Kirista da haruffan Latin. Haruffan ba su wadatar da sautukan harshen ba, don haka malamai suka aro wasu alamomi daga tsohon sassaƙen suka cike giɓin. Duk wanda ya san yadda malaman ƙasar Hausa suka lanƙwasa haruffan Larabci suka yi ajami, ko yadda aka ƙara wa boko ƙ da ɗ da ɓ a shekarun 1930, zai gane wannan aiki da kallo ɗaya. Dokokin Sarki Ethelbert na Kent, waɗanda aka rubuta a farkon ƙarni na bakwai, suna cikin rubutu mafi tsufa da aka sani da Ingilishi. Ke nan harshen ya taɓa ɗaukar shari'a tun yana jariri, kafin a ƙwace masa ita.

Daga 793, shekarar da aka kai hari kan tsibirin Lindisfarne, mayaƙan Viking daga Denmak da Norwe suka addabi ƙasar, daga baya suka zauna a gabas da arewacinta, suka yi auratayya da mutanen wurin. Zaman tare ya sa harsunan biyu suka goge juna. Turanci ya zubar da yawancin ɗafa-ƙeyar da ke rarrabe aikin suna a jimla, ya kuma aro kalmomin da harshe bai cika ara ba, har da wakilan suna "they" da "them" da "their", da kalmomi na yau da kullum irin su "egg" da "sky". A tsakiyar wannan yaƙi ne Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya lura cewa masu fahimtar Latin sun yi ƙaranci ainun, ya sa aka fassara littattafan da ya ga wajibi ne mutane su sani, ya kuma nemi a fara koya wa yara karatu da harshensu kafin masu ci gaba su shiga Latin. Kusan shekara dubu bayan haka Nana Asma'u da ɗan uwanta Isa suka yi makamancin wannan a Daular Sakkwato, suka mayar da ilimin da ke cikin Larabci da Fulfulde zuwa waƙoƙin Hausa domin ya isa ga matan ƙauye.

Daga Bagauda zuwa Yaji

Bisa lissafin shekarun da aka yi wa Tarihin Kano, Bagauda, wanda makarantar lauyoyin ke zaune a wurin da ke ɗauke da sunansa, ya yi sarauta daga 999 zuwa 1063. Shekara uku bayan rasuwarsa, zamanin ɗansa Warisi, Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, ranar 14 ga Oktoba, 1066. Ya raba ƙasar ga hakimansa, ya cika manyan muƙaman coci da mutanensa. Faransanci ya zama harshen fada da na masu ƙasa, daga baya na kotu. Latin ya riƙe rubutun hukuma da na ilimi. Ingilishi ya koma bakin masu noma da kiwo da bara a gidajen manya.

Tabon wannan zamani yana nan a jikin harshen. Dabbar da talaka ke kiwo tana da sunan Ingilishi, "cow" ko "sheep", amma in an yanka ta an kai gaban mai gida sai ta koma "beef" ko "mutton", kalmomin Faransanci. Kusan duk kalmar da ɗalibin Bagauda ke taƙama da ita, "court" da "judge" da "justice" da "parliament", daga Faransanci ta shigo. Iyaye masu son 'ya'yansu su ɗaukaka sukan tilasta musu Faransanci, har mutanen ƙauye ma sukan kwaikwayi 'yan kalmomi domin a ɗauke su da daraja. Wanda ya taɓa ganin an ci yaro tara a makaranta saboda ya yi Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Abubuwa da dama suka haɗu suka juya al'amarin. A 1204 Sarki John ya rasa Normandi, sai masu sarauta suka fara ganin Ingila ce gidansu. Dogon yaƙi da Faransa ya mayar da Faransanci harshen abokin gaba. Annobar da ta faɗa wa ƙasar a 1348 da 1349 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta sa ƙwadago ya yi tsada, talaka ya sami baki. A 1362, lokacin da Yaji ke sarautar Kano, zamanin da Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso da Musulunci, majalisar Ingila ta yi dokar cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Dalilin da ta bayar shi ne mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa dominsu ko a kansu a gaban alƙali. Ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta, kuma lauyoyi sun ci gaba da riƙe wani gurɓataccen Faransanci a littattafansu shekaru aru-aru. Sai da wata doka ta 1731 ta tilasta Ingilishi a dukkan takardun kotu. Masu cin abinci da harshen da jama'a ba sa ji ba sa sakin sa cikin sauƙi.

Abin da ya faru a aji

Shaidar da ta fi dacewa da muhawarar Najeriya ta fito ne daga John Trevisa, wani limami mai fassara. A 1385, shekarar da sarautar Yaji ta ƙare, ya rubuta cewa kafin annoba da Faransanci ake koya wa yaran Ingila darasin Latin, har sai da wani malamin nahawu mai suna John Cornwall ya sauya ya koma koyarwa da Ingilishi, wani kuma mai suna Richard Pencrich ya koya daga gare shi, abin ya bazu a makarantun ƙasar. Trevisa ya auna riba da hasara. Ribar ita ce yara suna fahimtar darasi cikin lokacin da bai kai na da ba. Hasarar ita ce sun tashi ba su jin Faransanci, abin da zai cuce su in sun ƙetare teku.

Wannan ma'auni biyu shi ne har yau ke gaban iyaye a Kwanar Ɗangora da Riruwai. Yaro ɗan shekara shida ya zo aji da Hausa cikakkiya a bakinsa. Ya san ƙirga, ya san sunan kowace ciyawa a gonar ubansa, ya iya tatsuniya da kacici-kacici. In aka buɗe masa littafi da harshen da bai taɓa ji a gida ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, sau da yawa kuma a hannun malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba. Abin da ke biyo baya sananne ne. Malami ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su haddace amon kalmomi, jarrabawa ta zo da Turanci, a tashi ba Hausar ba Turancin. An gwada ɗaya hanyar a ƙasar nan. Daga 1970, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babs Fafunwa na jami'ar Ife, an koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, tare da Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun fi su a darussa da dama.

"Ba ta da kalmomin"

Ƙorafin da aka fi ji daga injiniyoyi da likitoci shi ne Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. An faɗi haka a kan Turanci, kuma masu shi ne suka faɗa. Ko bayan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya nuna abin da harshen ke iyawa a waƙa, ko bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, zamanin Muhammadu Rumfa, malaman Ingila sun ci gaba da ganin harshensu bai isa ɗaukar ilimi mai nauyi ba. A ƙarni na sha shida suka yi ta jayayya kan ko a aro kalmomi daga Latin da Girkanci ko a ƙirƙiro daga tushen gida. Francis Bacon ya sa an mayar da ayyukansa Latin domin bai yarda harsunan zamaninsa za su ɗore ba. Isaac Newton ya buga babban littafinsa na 1687 da Latin, sai a 1704 ya fitar da na ilimin haske da Ingilishi. Kalmomin sun zo ne bayan an fara aikin, yawancinsu kuma aro ne. Fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Turanci daga Latin da Faransanci suke. Har Larabci ya ba da nasa: "sugar" da sukari tushensu ɗaya, haka "zero" da sifiri.

Hausa ta san wannan sana'a tun da daɗewa. Ta karɓi alƙali da hukunci da littafi da alƙalami daga Larabci, ta karɓi birni daga Barebari, ta karɓi takarda da ayari daga Buzaye, ta karɓi ashana daga Yarbawa. Da Turawa suka zo ta tauna kalmominsu ta fitar da asibiti da likita da tasha da lauya, har ba mai jin baƙuntarsu. Bebeji kanta shaida ce ga ƙarfin haɗiyar harshen. Agalawa, waɗanda asalinsu daga wajen Asbin yake, sun zauna a garin sun zama Hausawa, suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja da Hausa a bakinsu. A cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Harshen da ya tafiyar da bashi da amana da lissafin ayari daga Kano zuwa ƙasar Asante ba zai kasa ɗaukar lissafin aji uku ba. Kuma ba daga sifiri za a fara ba, tun da akwai ƙamus na Bargery na 1934, da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da shekaru masu yawa na labaran duniya a gidajen rediyo.

Yaɗuwar Turanci a duniya kuwa ba ta da alaƙa da kyan nahawunsa. A 1582 malamin makaranta Richard Mulcaster ya yarda cewa harshen bai wuce tsibirinsu ba, kuma ko a can bai game ko'ina ba. Jiragen ruwa da ciniki da bindiga ne suka fitar da shi, daga baya arzikin Amurka ya ɗora. Mutanen Bebeji sun ga yadda ya iso. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar garin da igwa, kwana biyu bayan haka ta shiga Kano. Shekara shida bayan nan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, kuma da Hausa ya fara koyarwa.

Inda masu adawa suke da gaskiya

Hasarar da Trevisa ya ambata gaskiya ce, kuma ta fi nauyi a yau. Yaron Doguwa da ya tashi ba Turanci an rufe masa jami'a da aikin gwamnatin tarayya da mafi yawan abin da ke intanet. Iyayen da ke sayar da buhun masara su kai ɗansu makarantar kuɗi domin ya ji Turanci sun san abin da suke yi. Amsar ita ce a koyar da Turanci sosai, a matsayin darasi, tun daga aji ɗaya, a hannun malamin da ya iya shi, yayin da karatu da lissafi da sanin muhalli ke tafiya da harshen da yaro ke tunani da shi. Yaron da ya iya karatu da Hausa ya riga ya san mene ne harafi da jimla, don haka shigarsa Turanci ta fi sauƙi. Gaskiya ne kuma littattafai da malamai sun yi ƙaranci. Manufar 2022 ta zo ba tare da isassun kayan aiki ba, kamar yadda tanadin 1977 na koyarwa da harshen uwa a azuzuwan farko ya daɗe a takarda. Maganin rashin littafi shi ne a buga littafi.

Akwai gargaɗi na biyu da tarihin ya ɗauko, kuma Hausawa ne ya kamata su saurare shi. Ingilishin da aka danne shi ma ya danne wasu. Kalmar da Sakson suka kira 'yan asalin tsibirin da ita, wadda ta zama sunan Wales, tana nufin baƙo, har ma bawa. Harshen Cornwall ya daina zama harshen gida wajen ƙarshen ƙarni na sha takwas. A kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa, akwai Kurama masu harshensu, akwai kuma rugagen Fulani a kewayen dajin Falgore inda Fulfulde ne harshen uwa. Ga yaran waɗannan gidaje Hausa ce harshe na biyu, ko da yake tana kusa da su fiye da Turanci nesa ba kusa ba, domin suna jin ta a kasuwa da wajen wasa. Wanda ya nemi adalci ga Hausa a gaban Turanci wajibi ne ya yi wa Kurama da Fulfulde irin wannan adalci, a ba su gurbi a azuzuwan farko inda yaran suke da yawa.

Aikin da ke jiran masu ilimi

Babu hukumar da ta zauna ta ɗaukaka Ingilishi da takarda ɗaya. Sarki ne ya sa aka yi fassara, malamin makaranta ya sauya harshen ajinsa, majalisa ta ji kukan masu ƙara, mai injin bugu ya zuba jarinsa, masanin kimiyya ya yarda ya rubuta littafi na biyu da harshen gida. Kowannensu ya ba harshen wani aiki da ba ya yi a da.

Irin wannan aiki yana nan birjik a kudancin Kano. Manomin rani da ke shan ruwan madatsar Tiga yana fesa maganin ƙwari da bayaninsa ke rubuce da harshen da ba ya karantawa. Mai haƙar kuza a Riruwai yana sa hannu a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba. Mai jego tana karɓar magani a asibitin Ƙiru da umarnin da sai an fassara mata. Masanin aikin gona da likita da lauyan da suka fito daga waɗannan garuruwa su ne kaɗai za su iya rubuta waɗannan abubuwa da Hausa mai kyau, su aro kalma inda babu, su daidaita ta da bakin jama'a, su yi ta maimaita ta har ta zauna. Sashe na 97 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisun jihohi damar gudanar da aikinsu da wani harshen jihar bayan Turanci, kuma ilimin firamare yana cikin abin da jihohi ke da hannu dumu-dumu a kansa. Kano tana da jami'o'i da kwalejojin horas da malamai da marubuta da masu buga littattafai da za su iya samar da littattafan aji ɗaya zuwa shida cikin 'yan shekaru, in aka ba su aikin da kuɗinsa.

Tsakanin faɗuwar Hastings da dokar kotu ta 1362 shekara 296 ce. Tsakanin fasa ƙofar Bebeji da yau ba a kai rabin haka ba, kuma Hausa ta shiga wannan zamani da masu magana miliyoyi masu yawa, da rubutu iri biyu, da gidajen rediyo a nahiyoyi daban-daban, abin da Ingilishin zamanin Trevisa bai taɓa mafarkinsa ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Yaron da ke zaune a aji ɗaya a Tudun Wada yana buƙatar rigar aron domin tafiya, kuma ya cancanci a ɗinka masa ita da kyau, amma tasa ta gida ce zai fara koyon sawa.